Baba mai gyaran ƙahon 'yan badujala ya rasu, kuma ba wanda ya gaje shi

Ranar sadakar bakwai ɗin Baba muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida sai ga wani yaro ɗan gwangwan ya turo baronsa ya ajiye can gefe, ya zo ya durƙusa ya yi ta'aziyya kamar kowa, sannan ya matsa kusa da babban ɗan marigayin ya yi ƙasa da murya yace wai ko za a sayar da tarkacen tagullar nan da ke jibge a shago, shi kilo-kilo yake saye kuma zai sa kuɗi mai kyau. Wallahi ban ga laifin yaron ba, abincinsa yake nema kuma ya yi ladabi. Amma tun ranar maganar nan take cina a rai, don abin da ya kira tarkace ɗin nan ni na san su ɗaya bayan ɗaya, na san wanda aka kawo a buhu daga wata makarantar kwana, na san wanda mota ta take, na san wanda Baba ya ajiye shekara da shekaru yana jiran ya samu bawul ɗin da zai dace da shi, wato abin nan da ake dannawa da yatsa a jikin ƙaho.

Ba zan kama sunansa ba tunda iyalinsa ba su san zan yi wannan rubutun ba. Mu yaran layi Baba muke ce masa, mutanen gari kuma in suna kwatance sai su ce shagon mai ƙaho. Ɗan gidan maƙeran fari ne, masu aikin tagulla da azurfa, ba masu ƙera fartanya da gatari ba. Yana saurayi ya shiga aikin ɗamara aka tura shi ɓangaren 'yan badujala, to da yake hannunsa ya riga ya saba da wuta da dalma tun daga gida sai ya zama duk ƙahon da ya samu matsala shi ake miƙa wa, tun ana yi a matsayin taimako har ya koma shi ne aikinsa. Da ya yi ritaya ya kama ɗan shago a nan Kaduna, shagon da mutum uku in suka shiga sai ɗaya ya fito, kuma daga nan ne 'yan badujalar bariki da na makarantu da yaran Boys' Brigade na coci-coci suke samun wanda zai taɓa masu kayan busa. Shi musulmi ne, ɗan sahun gaba ma, amma ranar Asabar za ka ga yaran coci sun yi layi a ƙofar shagonsa kowa da ƙahonsa a hammata saboda gobe Lahadi, kuma ban taɓa jin ya tambayi wani addininsa ba, abin da yake tambaya kawai shi ne wa ya yar da ƙahon nan a ƙasa.

A cikin kayan busa duka wadda ya fi so ita ce tuba. Ba tuba ta barin saɓo ba, sunan da Turawa suka sa mata kenan, shi kuma giwa yake ce mata. Ita ce ƙatuwar nan da za ka gani a sahun baya in ana fareti, mai busa ta ya rungume ta kamar ya ɗauki yaro, bakinta ya buɗe sama kamar bakin tulu, muryarta ba ka cika jinta da kunne ba sai dai a ƙirji. Ba ta wani tsufa sosai in aka kwatanta da kakakinmu, a 1835 aka yi mata rajista a Berlin, wani shugaban badujalar soja Wilhelm Wieprecht da wani maƙeri Johann Gottfried Moritz su suka haɗa kai suka fito da ita, kuma ku lura da wannan, mai busa da maƙeri ne suka zauna tare. Babbar cikinsu in da za a warware bututunta a miƙe shi zai kai ƙafa 18, wajen mita biyar da rabi, an nannaɗe shi ne kawai don mutum ya iya ɗauka. Leɓen mai busa ne yake karkarwa ya haifar da sauti, tsawon bututu kuma shi yake yanke kaurin muryar, bawul-bawul ɗin nan uku ko huɗu da ake dannawa da yatsu aikinsu su karkata iska ta bi ƙarin hanya sai murya ta sauka. Shi yasa bigila da kakaki da ba su da bawul muryoyinsu 'yan kaɗan ne, ita kuwa giwa duk inda waƙa ta je za ta bi ta.

To abu mai tsawo haka, mai laushi haka, a hannun yaran makaranta da kuratan soja, a bayan a-kori-kura a kan titunanmu, dole ya lotsa. Nan ne na fara ganin abin da har yau ban ga irinsa ba. Baba yana da wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da ƙwallayen boris, tun daga ƙanana kamar gyaɗa har manya kamar lemon tsami har wanda ya fi haka, ya tsinto su ne a wajen bakanikai shekara da shekaru, ya jera su girma-girma kowanne da gurbinsa. In bututu ya lotsa ta ciki inda hannu ba ya kaiwa sai ya jefa ƙwallon da ya ɗan fi wajen lotsawar girma kaɗan, ya bi shi da wasu ƙanana a baya, ya riƙa girgiza ƙahon a hankali na bayan suna dukan na gaba, shi kuma ta waje yana bi da 'yar ƙaramar guduma mai santsi kamar madubi yana ƙwanƙwasawa, ƙwas ƙwas ƙwas, ba da ƙarfi ba, in wannan ya wuce sai ya sa na gaba da shi. Wuri ɗaya zai iya cin yini guda. Watarana ina ɗan sakandare na gaji da kallo nace Baba me zai hana a sa babban tun farko a gama, sai ya ɗago yace, yaro, tagulla ba ta son gaggawa, in ka matsa mata tsagewa take yi. Kuma haka ne, duk dukan da ka yi mata ƙara tauri take, sai ka kai ta wuta ta yi ja ta huce sannan ta sake laushi ta yarda da kai, kuma sanin lokacin da za a tsaya da guduma a koma wuta ba a rubuce yake a ko'ina ba, a yatsunsa yake.

In kuma yoyo ne sai ya toshe bakin ƙahon da tsumma da leda, ya shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, ya sa ni in hura, inda kumfa ta taso nan ne ɓarakar. Rami kamar na allura ya isa ya kashe murya, mai busa ya yi ta wahala yana zaton numfashinsa ne ya gaza. Akwai wata cuta kuma da yake nuna mana, ɗigo-ɗigon ja a jikin bututun da ke kusa da baki. Ita tagullar da ake ƙera kayan nan da ita haɗi ce, jan ƙarfe kamar kashi 70 da zinki kashi 30, to yawun mai busa in ba a wanke ƙahon yakan cinye zinkin ta ciki ya bar jan ƙarfe kamar soso, daga waje ka ga ɗan ɗigo amma ciki ya riga ya ruɓe. Baba bai san sunan abin da Turanci ba amma yana kallo zai ce maka wannan faci zai ɗauka, wannan kuwa sai an sake bututun gaba ɗaya.

Sannan ba gyara kawai yake yi ba, yakan sake wa ƙaho fasali don ya dace da mai shi. An taɓa kawo masa wani yaro gajere daga wata makaranta, yaron yana son giwa kamar ransa amma in ya zauna ya ɗora ta a cinya bakinsa ba ya kaiwa wajen busawa sai ya yi ɗage, malaminsu har ya yanke shawarar a mayar da shi kan ganga. Baba ya zaunar da shi a benci ya auna da igiya, ya cire bututun bakin, ya narka dalma ya cika shi taf, ya bari ta huce, sannan ya lanƙwasa shi a kan gwiwarsa kaɗan-kaɗan, don in ba a cika shi ba ninkewa zai yi ya toshe, da ya samu yadda yake so ya mayar wuta dalmar ta zube ya wanke ya like. Yaron ya hura, giwa ta amsa, gilashin tagar shagon har da karkarwa, kuma fuskar yaron nan ba zan manta da ita ba. Akwai kuma tsofaffin ƙahonin Ingila da in aka haɗa su da sababbi sai ka ji ba sa shiri, kamar mutum biyu suna rera abu ɗaya amma ɗaya ya ɗan ɗaga murya. Daga baya ne na karanta dalilin, ma'aunin da duniya ta tsaya a kai shi ne sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, su kuwa 'yan badujalar Ingila sun daɗe suna kan wajen 452, har cikin shekarun 1960 ana ƙera masu irin wannan. Baba bai taɓa jin waɗannan lambobi ba, kunnensa ne ya gaya masa ƙahon ya yi gajarta, sai ya yanko bututu daga wani mataccen ƙaho ya ƙara masa tsawo daidai gwargwado har muryoyin suka haɗu.

Yanzu ga abin da yasa na zauna rubutu. Mu mutane ne masu son sautin amma ba ruwanmu da hannun da ke riƙe da shi. Duk 1 ga Oktoba sai an yi fareti, duk yaye kurata a Zariya ko yaye hafsoshi a NDA sai badujala ta tashi, duk wanda ya yi bautar ƙasa ya san bigilar asuba a sansani, gwamna in zai shiga taro sai an busa masa taken ƙasa kowa ya miƙe ya ƙame. Shi kansa taken da muka yi amfani da shi daga 1978 har zuwa 2024 ai shugaban badujalar 'yan sanda ne, Benedict Odiase, ya sa masa kiɗa. Amma a cikin dubban mutanen da ke tsaye a filin nan mutum nawa ne ya taɓa tambayar kansa in bawul ɗin ƙahon nan ya maƙale wa ke buɗe shi? Ana ba mai waƙa kyautar mota, ana yi wa mai busa liƙi, mai gyara kuwa sai an zo karɓar kaya a tsaya ana ciniki da shi a kan kuɗin da bai kai na cajin waya na wata ba. Na sha ganin an kawo wa Baba aikin sati biyu a ce masa a yi haƙuri ba a saki kuɗi ba tukuna, ya yi aikin ya bayar don gobe akwai fareti, kuɗin kuma shiru har yau.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ɗabi'ar nan tamu ta sayen sabo maimakon gyara, kuma kowa ya san dalili, gyara ba shi da kwangila. Akwai wata makaranta da na sani ciki da waje, ba zan faɗi sunanta ba, a sitonta akwai ƙahoni tun na zamanin Turawa, masu tambarin Besson da Boosey & Hawkes na Landan, sun yi baƙi sun lotsa wasu bawul ya kafe, amma ƙarfensu mai kauri ne lafiyayye. Baba ya je ya duba da kansa, ya hau mota da kuɗinsa, yace in za a ba shi wata uku zai tayar da mafi yawansu. Aka ce za a neme shi. Abin da muka ji daga baya an kawo sababbi fil a kwali masu ƙyalli kamar zinare, tsofaffin kuma an kira 'yan gwangwan sun auna sun kwashe. Kafin shekara ta zagayo sababbin aka fara kawo masa, bawul yana maƙalewa, mahaɗa tana ɓallewa, ƙarfen siriri kamar gwangwanin madara in ka danna da babban yatsa sai ya shiga. Ba wai nace duk kayan China ba su da kyau ba, akwai masu kyau sosai a cikinsu, amma ɗan kwangila mafi araha yake ɗaukowa ya rubuta kuɗin mafi tsada, kuma araha ba ta ado. Ranar da aka kawo su ya daɗe yana jujjuya ɗaya a hannu bai ce komai ba, sannan yace a ajiye zai duba.

A Amurka akwai wata tuba da kamfanin York na garin Grand Rapids ya ƙera a farkon shekarun 1930, an yi ta ne don wani mai busa a Philadelphia, ba ta dace da jikinsa ba sai ya sayar wa ɗalibinsa Arnold Jacobs, shi kuma ya busa ta a babbar ƙungiyar makaɗan Chicago daga 1944 har 1988. Kamfanin ya daɗe da mutuwa amma ƙahon yana nan a hannun ƙungiyar, kuma manyan kamfanonin Turai da Japan sun yi ta auna shi suna ƙera irinsa don neman wannan muryar. Me ya raya shi shekara casa'in? Masu gyara ne, ɗaya bayan ɗaya, wannan ya like nan wancan ya sake can. Da a sito irin namu yake da tuni an narka shi an yi tukunya ko awarwaro. Mu ne muke cewa da tsohuwar zuma ake magani amma su ne suke aiki da maganar.

Na san abin da wasu za su ce, ai kayan Turawa ne, badujala gadon mulkin mallaka ce, me ya dame mu. To gaskiya ne da su ta zo, tun 1863 da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya haɗa rundunar da ake kira Hausawan Glover a Legas, wadda ita ce tushen sojan Najeriya, kakanninmu suke cikin wannan harka ta fareti, wato sama da shekara 160 kenan, abin da ya kwana haka a gidanka ai ya zama naka. Amma mu bar wannan ma, mu zo kan namu na gado. Kakaki fa? Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a Kano, wato ya girmi tuba da shekara ɗari uku da ɗoriya. Ƙahon ƙarfe ne shi ma, dogo, gida biyu ake haɗawa, ba a busa wa kowa sai sarki, in ka ji yana cewa ga shi, ga shi, ka san sarki ya fito, daga Kano har Zazzau har Katsina har Damagaram haka abin yake. Shi ma lotsawa yake yi, shi ma mahaɗarsa tana yoyo, a hawan sallah doki yakan ture mai busa. Sau da yawa na ga mabusan fada sun shigo shagon Baba da kakaki naɗe a zani, kuma kayan aikin da yake taɓa giwa da su da su yake taɓa kakaki, wuta ɗaya dalma ɗaya guduma ɗaya. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, duk muka yi murna muka yi ta yaɗawa a Facebook, ni ma na yi, amma in masu ƙera kakaki da masu gyara shi suka ƙare me za a busa a gaban sarki? Doki da rawani kaɗai ba su ne hawa ba.

Wasu kuma za su kawo maganar addini, cewa kiɗa da busa ba abin ƙarfafawa ba ne. Wannan fagen malamai ne kuma ina girmama su. Ni dai abin da na sani shi ne muddin hukuma tana fareti kuma fada tana busa, to akwai mai gyara, kuma mutumin da ya ci guminsa da wuta da guduma bai roƙi kowa ba bai cuci kowa ba bai cancanci a raina shi ba.

Rainin nan kuwa shi ne ya kashe gadon, ba wani abu ba. 'Ya'yan Baba maza huɗu ne, ba wanda ya koya, kuma shi da kansa ne bai matsa masu ba, yace ba ya so su tashi ana ce masu 'ya'yan mai gyaran kayan kiɗa, ga ba kuɗi ga ba daraja. Ɗaya yana sayar da waya, ɗaya direba ne, biyu suna aikin gwamnati, Allah ya yi masu albarka duk suna riƙe da kansu. Yara biyu ya taɓa ɗauka koyo, ɗaya ya yi wata shida ya koma acaɓa don a can kullum yana ganin kuɗi a hannu, ɗayan ya ɗan daɗe amma da zai yi aure dangin yarinyar suka ce sana'ar ba ta yi masu ba, ya koma walda. Ni kaina da na fi kowa zama a shagon nan kallo kawai na yi, na riƙe masa ƙaho na hura masa na miƙa masa awartaki amma ban taɓa cewa Baba koya min ba, don a kaina a lokacin boko ne kaɗai hanya, kuma yau wannan yana cikin abubuwan da nake nadama da gaske. Ko a waya ban ɗauke shi yana aiki ba, ga waya a aljihuna kullum, ina ta cewa sai wani zuwan.

A Jamus ƙera kayan busa na ƙarfe sana'a ce mai takarda, shekara uku yaro yake yi yana koyo kafin a ba shi shaida, akwai gari guda Markneukirchen da sama da shekara 300 abincinsu kenan ƙera kayan kiɗa. A Amurka akwai kwaleji a garin Red Wing ta jihar Minnesota da ake shiga musamman don koyon gyaran kayan badujala. In an ce waɗannan masu kuɗi ne to a dubi Indiya, su ma Ingila ce ta kai masu badujala kamar mu, amma suka mayar da ita tasu har ba a biki sai da ita, garin Meerut ya yi suna wajen ƙera ƙahoni a ƙananan shaguna da hannu, suna sayarwa a gida suna fitarwa waje. Mu me muka rasa? Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san hannu ba shi ne matsalarmu ba, mutanen da ke kallon injin sau ɗaya su ƙera irinsa. Bida tana nan da maƙeran tagullarta, har UNESCO ta sa ta cikin biranen sana'ar hannu a 2021. Maƙeran fari suna nan a Kano da Zariya da Sakkwato da Agadas, da yawansu kasuwar ta ja baya saboda kayan kanti, alhali ga aiki nan jibge a sito-sito na bariki da makarantu da coci yana jiran irin hannunsu, ba wanda ya haɗa su.

Abin da nake roƙo ba babba ba ne. Hukumar NBTE da ke kula da ilimin sana'a a nan Kaduna hedikwatarta take, hukumar horar da ma'aikata da masu sana'a ta ITF kuma tana Jos, su biyun nan za su iya sa gyaran kayan busa cikin sana'o'in da ake ba shaida a kai, ko da kwalejin fasaha ɗaya ce a Arewa ta fara, a nemo tsofaffin 'yan badujala da suka yi ritaya waɗanda suka iya, don na tabbata akwai sauran irin Baba a Zariya da Jos da Maiduguri da Yamai, a biya su albashi na mutunci su zauna da yara goma-goma, a haɗa da 'ya'yan maƙeran fari da suka riga suka san wuta. Rundunonin soja da 'yan sanda da ma'aikatun ilimi su kafa doka cewa ba za a yi gwanjon ƙaho ko ɗaya ba sai mai gyara ya duba ya ce ya mutu, kuma ko ya mutu a ajiye shi don kayan gyara, tunda bawul ɗin mataccen ƙaho shi ke tayar da wani. Masarautu kuma, da Sarkin Maƙera da Sarkin Kakaki duk a fada suke, a tambaye su mutum nawa suka rage da za su iya ƙera kakaki daga farko har ƙarshe, a rubuta sunayensu, a ɗauke su a bidiyo suna aiki tun suna da rai. Mu kuma talakawa namu shi ne in ka kai wa mai sana'a gyara ka biya shi hakkinsa ba tare da ka wulaƙanta shi ba, in yaronka yace hannu yake so ya koya kar ka ce masa ya zubar da gidanku.

Ɗan gwangwan dai bai samu kayan ba a ranar, babban ɗan yace a bari a yi arba'in tukuna. Na roƙe shi ya sayar min da akwatin boris ɗin da 'yar gudumar, yace haba yaya, ai kai ɗan gida ne, ɗauka kawai, suna nan a ɗakina yanzu ƙarƙashin gado na naɗe su da tsohon zani na shafa masu man keke don kar su yi tsatsa. A shagon kuma akwai giwa ɗaya a kan benci da ya fara bai gama ba, ya cire bakin ya daidaita rabin lotsawar, an jera bawul ɗinta huɗu a kan tsumma yadda ya bar su daren da ciwon ya tashi. Ta wani coci ce a kudancin Kaduna, sun zo ta'aziyya su uku da fastonsu, da za su tafi suka tsaya a ƙofar shagon suna kallonta, faston ya tambaye ni ko na san wani da zai ƙarasa, nace masa zan tambaya. Sati uku kenan ina tambaya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.